Ajin birni ya cika ya batse, na ƙauye ba kowa: daga ina yaran suke fitowa?

Malama Ƴar Dakata: Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, ina son mu tattauna. Duk lokacin da aka koma sabuwar shekarar karatu sai ka ji a rediyo wai yawan yaran da ke shiga makarantun gwamnati ya ƙaru, ana ta murna ana yaba wa juna. Ni ina koyarwa a firamare a gefen birnin Kano, kuma eh gaskiya ne yara sun ƙaru, ajina na ƴan aji ɗaya sun haura ɗari, na gaba suna zaune har gindin allo, in zan yi rubutu sai na ce su janye hannu kar na taka wani. Amma ƙawata da muka yi NCE tare, ƴar jihar Katsina ce ta koma gida ta samu koyarwa a wani ƙauye can yamma, ita kukanta daban ne, ta ce rajista cike take da sunaye amma in ta shiga aji yaran ba su fi a ƙirga da yatsu ba. To shi ne nake tambaya, yaran nan da suke cika mana aji sababbi ne da a da ba sa zuwa makaranta, ko kuwa dai na can ne suka dawo nan? Kowa ya faɗa mana yadda abin yake a yankinsa don Allah.

Ɗan Zurmi: Wa alaikumus salam Malama. Ɗiyanmu ne wallahi, ba wasu ba. Mu nan Zamfara ƙauyukka nawa anka tasa? Tun da anka kwashe ɗiya mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, sannan Satumba ta wannan shekara anka sake ɗibar wasu a Maradun, gwamnati ta rufe makarantu gaba ɗai, har layin waya anka katse muna. Da anka ce a koma, na cikin Gusau da Ƙaura da Mafara sun koma, amma na daji wa za ya koma? Malamin da ke hawa mashin daga gari ya tai ƙauye koyarwa shi ma yana da iyali, ya bari, kuma ban ga laifinai ba. Ni yanzu muna Gusau da iyalina, ɗiyana ukku na sa su firamaren unguwa, amma sunansu na nan cikin rajistar makarantar garinmu har yau ba wanda ya goge. Kin ga yaro guda an ƙirga shi wuri biyu kenan.

Malama Ƴar Dakata: Innalillahi. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa Malam, Allah ya maida ku gidajenku lafiya.

Ɗan Zurmi: Amin Malama. Kuma mu da munka sa namu mu ne ƴan kaɗan. Mafi yawan waɗanda munka taso tare ɗiyansu ba su ga ƙofar aji ba tun da munka zo, wanda bai san inda za ya kwana ba ina shi ina yunifom. Ki je kasuwa ko tasha da hantsi ki gani.

Tsohon Hedimasta: Ƴata Malama, tambayarki mai kyau ce, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce. Ni na fara koyarwa ba da jimawa ba bayan UPE ta 1976, lokacin da Obasanjo yana soja ya ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. Abin da kike gani yanzu mun gan shi a lokacin, yara suka kwararo fiye da lissafin gwamnati, aka rasa malamai aka shiga ɗaukar duk wanda ya samu ɗan horo na gaggawa, wasu azuzuwan a gindin bishiya muka yi su. Da ya dawo farar hula ya ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato a 1999, aka yi mata doka a 2004, aka sake samun wani tururuwar. Wato duk sanda aka ce kyauta ne talaka yana kawo ɗansa, wannan maganar ta cewa ɗan Arewa ba ya son boko ni ban yarda da ita yadda ake faɗinta ba. Matsalar ita ce me yaron zai tarar in ya zo. Ƙa'idar da ke rubuce a manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya yara 35 ne a firamare. Ke kina da sama da ɗari. Sannan ki riƙe wannan, rajistar shiga daban, rajistar kiran suna daban. Wadda ake kai wa ofis a yi kidayar shekara da ita ita ce ta farko, ita ce ake karantawa a rediyo. Ta biyun tana cikin durowar malamin aji, ba mai tambayarta.

Ɗan Rigasa: Baba Hedimasta ya gama magana. Mu a Kaduna mun ga wannan da idonmu a 2016 da gwamnatin El-Rufai ta fara ciyar da ƴan firamare, naira 50 kan kowane yaro. Wallahi cikin ƴan makonni makarantu suka cika maƙil, har yaran da ba su isa shiga ba ana turo su da ɗan kwano a hannu. Gwamnati da kanta ta ce yawan ƴan firamare ya tashi daga wajen miliyan 1.1 zuwa sama da miliyan 2. Amma mu da muke unguwa mun san da an ci abincin tara sai ka ga layin yara sun nufi gida, kuma da ciyarwar ta tsaya da yawa ba su sake leƙowa ba. To wannan ƙaruwa ce ko me?

Ummu Hafsat: Ni fa ban ga aibun abincin ba Ɗan Rigasa. Yaron da ya fito gida bai karya ba in ya zo don kwano ya zauna daga safe zuwa tara ai ya ji wani abu, ya fi wanda yake yawo a bola. Laifin na waɗanda suka fara ne ba su shirya aji da malami ba, kuma ba su ɗore ba. Ta tarayya ma da aka yi lokacin Buhari naira 70 ce, ƴan aji ɗaya zuwa uku kawai, yau a kawo gobe ba a kawo ba, masu dafawa suna ta bin kuɗinsu.

Ɗan Rigasa: Anti ban ce a daina ba. Na ce kar a ɗauki lissafin ranar rabon abinci a ce shi ne ilimi. Kuma ki tuna a 2017 aka yi wa malamai jarrabawa aka ce sama da 21,000 sun faɗi aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000. Ko da mutum yana goyon bayan korar, tsakanin tafiyar waɗancan da zuwan sababbi yara miliyan biyun nan wa ke gabansu?

Abban Walid: Ni bari na faɗi nawa ɓangaren, don akwai kashi na uku da ba a ambata ba, mu ne. Ni ma'aikaci ne, yarana huɗu duk makarantar kuɗi suke a da, ba wata mai tsada ba, irin ta unguwa. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a kwana ɗaya, kuɗin adaidaita ya ninka, makaranta ta ƙara kuɗi, buhun masara ya tashi, albashi yana nan inda yake. Na daure zango biyu ina cin bashi, ƙarshe na cire uku na kai su ta gwamnati na bar ƙaramar. Ranar farko babban ya dawo ya ce Abba ba benci, kowa da buhunsa yake zuwa, uwarsu ta wanke musu buhun shinkafa ta ninke ta saka a jaka tare da littattafai. Wallahi na daɗe ban ji abu ya tsaya min a wuya irin wannan ba. A layinmu kaɗai gidajen da suka yi haka suna da yawa. To in gwamnati ta ƙirga yarana ta ce ta samu nasara, ni dai na san ba gyaran makaranta ne ya ja ni ba.

Maman Ilham: Abban Walid gaskiya ka faɗa, ni ina da ƴar ƙaramar makarantar kuɗi kuma irinku ne suke tafiya suna barinmu da bashi, ban faɗa don na ci maka fuska ba, na san halin da ake ciki. Amma ba duka ne ke komawa ta gwamnati ba fa. Wanda ke mai tsada ya sauko irin tamu, na wajenmu ya sauka wadda ta fi mu araha ta cikin shago ko soro, wani ya ce a tsaya Islamiyya kawai tukunna sai abu ya yi sauƙi. Akwai uwar da ta cire ƴaƴanta mata biyu daga wajena, na bi ta har gida na ce ko ta gwamnati ce ki kai su, ta ce min Hajiya wadda ke kusa da mu ba ta da katanga ba ta da banɗaki, ƴanmata ne sun fara girma. Har yau suna gida suna taya ta awara.

Na Agege: Ku ba ni dama na kawo ta Kudu, don in ana kwatanta alƙaluma ana yawan ruɗewa a nan. A Legas mafi yawan yara ba makarantar gwamnati suke ba. Kidayar da aka yi a 2011 ta gano makarantun kuɗi sama da 12,000 a jihar, na gwamnati kuwa ba su kai 2,000 ba, kuma kar ku ɗauka duk na masu hali ne, a Makoko da Ajegunle mai sayar da kifi ma ta kuɗi take kai ɗanta, tana biya kaɗan kaɗan. To in ka ga takarda ta ce ƴan firamaren gwamnati a Kano sun ninka na Legas sau da yawa, ba wai yaran Legas ba sa karatu ba ne. A can in yaro ya fita daga ta gwamnati yawanci wata makarantar ya koma. A ƙauyen Zamfara ko Yobe in ya fita daga ta gwamnati shi kenan ya fita, ba wata a gaba. Shi ya sa raguwar can da raguwar nan ba ma'anarsu ɗaya ba.

Bakatsine: Duk na ji, amma ku yi haƙuri mu riƙa faɗa wa kanmu gaskiya. Ko ba ƴan bindiga, ko ba tsadar mai, yaran da ke yawo da roba a titi wa ya turo su? Mutum ya haifi yara ya ɗora su a mota ya tura birni ba guzuri ba komai, sannan mu ce gwamnati. Jonathan ya gina makarantun tsangaya na zamani 157, ya buɗe ta farko a Gagi a Sakkwato a 2012, ina suke yanzu? UNICEF ta ce yara miliyan 18.3 ba sa makaranta a Najeriya kuma kowa ya san mafi yawansu namu ne.

Alaramma Ƙarami: Allah ya gafarta Malam, makarantun nan 157 iyaye ne suka kashe su ko jihohin da aka miƙa wa suka ƙi riƙewa? Bara ba ma kare ta, mu ma tana damunmu. Amma uban da ke ƙauye yana kallon firamaren garinsu rufi ya yaye, malami ɗaya, yaro ya gama aji shida bai iya rubuta sunansa ba, a gefe ga makarantar allo da ya ga wanda ya shiga ya fito da sauka, wanne kake so ya zaɓa? A gyara firamaren a ga in ba za a kawo yara ba.

Bakatsine: Alaramma, yaron ya yi karatun allon a gaban ubansa mana, ya je boko da safe. Abin da nake cewa kenan.

Alaramma Ƙarami: A kan wannan ba mu da saɓani.

Ummu Hafsat: Ni alƙaluman ne ma suke ɗaure min kai. Shekara da shekaru ana cewa miliyan 10.5, sai aka koma 18.3, UNESCO kuma a 2022 ta ce kusan miliyan 20. Wanne za mu kama?

Tsohon Hedimasta: Hajiya shekarun yaran da ake ƙirgawa ne suka bambanta. Ita 18.3 ɗin an haɗa ƴan shekarun firamare miliyan 10.2 da ƴan ƙaramar sakandare miliyan 8.1, ta UNESCO kuma ta kai har ƴan shekara 18. Kuma duka hasashe ne a kan yawan jama'a, don rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yau ya isa jami'a. To da me za a san unguwa kaza tana buƙatar aji nawa? Ku duba Kano. Unguwannin da suka fi cika da yara yanzu su ne na gefe, irin su Dorayi, Rimin Kebe, Bachirawa, Kurna, Rijiyar Zaki zuwa can ciki, kuma da yawansu awon igiya ne, an yanka gona an sayar fuloti fuloti ba wanda ya ware filin makaranta ko asibiti. Mai gudun hijira nan yake sauka, mai gudun tsadar haya a cikin gari nan yake komawa, sabon ango nan yake gini. Sai ka ga firamare ɗaya da aka gina don ƙaramin ƙauye ita ke ɗauke da unguwanni biyar. Su kuma malamai rabonsu bai bi yara ba, mai hanya yana neman a bar shi a makarantar cikin gari kusa da gida, sai ka tarar da wata makarantar malamai suna zaune a ofis ba ajin shiga, wata kuma malami ɗaya yana zagaya aji uku. Na yi aiki a irin duka biyun. Ganduje ya ce ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara suka ƙaru. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, shi da bakinsa ya ce yara miliyan 4.7 a ƙasa suke zama. Ban kawo don siyasa ba, ku haɗa maganganun biyu ku gani.

Ɗan Rigasa: Baba kuma ga kuɗin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, can a Abuja, kashi 2 cikin ɗari na asusun tarayya doka ta ware, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta ɗauka, shi ya sa duk shekara za ka ji biliyoyi na kwance jihohi ba su je sun karɓa ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Mushe Maraɗi: Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya, ina biye da ku. Mu ma nan abin ya taɓa mu, tun 2019 mutanen Sabon Birni da Isa ke ƙetarowa wajen Gidan Rumji da ɗiyansu, yaro ya fara boko da Turanci ya zo ya iske lakwal, wato makarantar bokon nan, da Faransanci, sai ya koma farko ko ya bari. Mu kuma in yara sunka yi yawa ajin zana ake kafawa, kun ji abin da ya faru a Yamai cikin Afrilun 2021 da nan Maraɗi cikin Nuwamba, gobara ta kama azuzuwan zana, Yamai yara 20 sunka rasu, nan kuma sama da 20. Allah ya jiƙansu. Cikar aji ba maganar karatu ba ce kawai, har da rai.

Malama Ƴar Dakata: Amin ya Allah. Akwai abin da ban faɗa ba da farko. Cikar nan a ƙasa take. Aji ɗaya da biyu ba wajen saka ƙafa, amma ka je aji shida ba su kai rabin haka ba, kuma mata ne suka fi zubewa. Yarinya tana da ƙoƙari kina ji da ita, daga aji huɗu sai ta fara zuwa a makare da farantin talla a ɓoye a bayan aji, aji biyar ranar kasuwa ba ta zuwa, ta ci jarrabawar shiga sakandare a tura ta makarantar da sai ta hau adaidaita biyu, uban ya ce ba shi da kuɗin motar kullum. Shi kenan. A takarda kuma makarantarmu tana cikin waɗanda yara suka ƙaru.

Ummu Hafsat: Wannan ai shi AGILE aka ce ta zo gyarawa, shirin ilimin ƴanmata na Bankin Duniya na 2020, Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno suna cikin jihohin farko. Na ga inda aka yi katanga da banɗaki aka ba ƴanmata ɗan tallafi kuma sun koma, amma ina laifin a manna ƙaramar sakandare a jikin kowace babbar firamare yadda yarinya za ta ci gaba a inda ta saba, da ƙafa take zuwa ta dawo?

Maman Ilham: Wallahi da an yi haka da ƴanmata biyun nan da na faɗa suna aji yanzu.

Ɗan Zurmi: Baba Hedimasta ina da tambaya tunda kana nan. Maƙwabcina ya zo da ɗiya biyar daga ƙauye, ya kai su makaranta anka ce sai ya kawo takardar transfa da ta haihuwa, alhali makarantar da sunka baro shekara ukku ba a buɗe ta ba, takardu kuma sun ƙone da ɗaki. Ya yi fushi ya maido su gida. Mi za ya yi?

Tsohon Hedimasta: Kar ya zauna. Ya samu mai unguwar inda kuke ya rubuta masa shaidar cewa ƴan gudun hijira ne, ya je da ita wajen shugaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, su suke da bakin magana da hedimasta. In an ƙi, ya wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kai ka raka shi tunda ka riga shi sanin gari. Firamare kyauta ce kuma dole ce a doka, rashin takarda bai kamata ya hana yaro zama a aji ba, gwaji ake yi masa a ga inda ya dace a ajiye shi. Takardar haihuwa kuma ta hukumar ƙidaya ce, ana iya nema daga baya. Ka ce masa ya tafi da yaran gaba ɗaya ranar, kar ya je shi kaɗai.

Ɗan Zurmi: Na gode Baba, Allah shi saka da alheri. Babbar ɗiyar maƙwabcin ta kai shekara goma sha ukku kuma aji ukku ta tsaya, ita ma za su karɓe ta ko ta yi girma?

Tsohon Hedimasta: Za su karɓa. In ita ce take jin nauyin zama da ƙanana, ku tambayi ajin hukumar ilimin manya mafi kusa da ku, tana iya farawa a can ta cim ma sa'o'inta. Ka sanar da mu yadda kuka yi da sakataren.